TARIHI: Zagaye 25 na dabara da juriya, daga Zatopek zuwa karawar Haile da Tergat

A filinmu na tarihi na wannan karon za mu ɗan ajiye zancen sarauta da fatauci, mu leƙa fagen wasanni. Mun san da an ce wasa hankalin yawancinmu kan ƙwallon ƙafa yake tafiya, ko dambe da kokawa. Amma akwai wata gasa da Afirka ta fi shekara hamsin tana riƙe da ragamarta, wato tseren mita 10,000 da ake yi a cikin filin wasa. Da yawa daga cikinmu idan muka ci karo da shi a talabijin sai mu sauya tasha, muna ganin mutane ne kawai suke ta zagaye har kan mai kallo ya yi ciwo. Wanda ya san abin da ke gudana a cikin zagayen nan kuwa ba ya iya tashi daga kujera, domin dara ce ake bugawa da ƙafafu da huhu.

Bari mu fara da yadda abin yake. Kewayen filin tsere mita 400 ne, don haka mita 10,000 zagaye 25 ke nan. Mafi saurin lokacin da namiji ya taɓa yi shi ne minti 26 da daƙiƙa 11, wanda Joshua Cheptegei na Yuganda ya kafa a birnin Valencia na Sifen a watan Oktoban 2020. Idan muka raba, kowane zagaye ya ci masa ƙasa da daƙiƙa 63. Duk wanda yake ganin wasa ne ya je filin makarantar da ke kusa da shi ya gwada zagaye ɗaya tak a wannan lokacin, sannan ya tuna cewa saura 24.

Sai dai a gasar Olamfik da gasar duniya ba agogo ake tsere da shi ba, mutane ake tsere da su. Kuma tun fil azal 'yan wannan tsere kashi biyu ne. Akwai mai dogon numfashi, wanda zai iya riƙe gudu mai zafi tun daga farko har ƙarshe, amma ba shi da wani sauran giya da zai ƙara. Akwai kuma mai ƙafar ƙarshe, wanda zai laɓe a bayanka har sai an kaɗa ƙararrawar zagayen ƙarshe, sannan ya fyalle kamar yanzu ya fara. Wanda ke gaba shi ke sarar iska, shi ke tunanin saurin da za a yi, na baya kuwa yana fakewa da shi yana tanadin ƙarfinsa. Saboda haka tambayar da ta addabi masu horarwa kusan shekara ɗari ita ce: ta yaya mai dogon numfashi zai zare wa mai ƙafar ƙarshe lakarsa kafin a kai zagaye na 25? Tarihin wannan tsere tarihin amsoshin da aka gwada bayarwa ne.

ZAMANIN TURAWA

An fara tseren mita 10,000 a Olamfik a 1912 a birnin Stockholm, kuma mutanen Finland ne suka fara mamaye shi. Gwarzonsu Paavo Nurmi, wanda ya tara lambar zinare tara a Olamfik, ya shahara da yin gudu riƙe da agogo a hannu. Hikimarsa ita ce ka raba ƙarfinka daidai wa daida a kan kowane zagaye, kada zumuɗi ya ɗebe ka.

Bayan yaƙin duniya na biyu sai Emil Zatopek, sojan Chekoslobakiya, ya zo da nasa salon. Shi ya ɗaukaka atisayen da ake yin gudun mita 400 da ƙarfi, a ɗan sassauta, a sake, a yi ta maimaitawa sau gommai a rana guda. A Helsinki a 1952 ya lashe mita 5,000 da mita 10,000 da kuma gudun fanfalaki, wanda ranar ce ya fara shiga irinsa, kuma har yau babu wanda ya sake haɗa ukun nan a Olamfik guda. A 1954 ya zama mutum na farko da ya gama mita 10,000 ƙasa da minti 29.

Amma karawar da ta fi koya wa duniya dabara ita ce ta Melbourne a 1956, tsakanin Vladimir Kuts na Tarayyar Sobiyet da Gordon Pirie na Birtaniya. Watanni kaɗan kafin nan, a garin Bergen na Norway, Pirie ya bi bayan Kuts a mita 5,000 har kusan ƙarshe, sannan ya wuce shi ya kafa tarihin duniya. Kuts ya gane cewa in dai gudun bai-ɗaya za a yi, guzuri yake yi wa abokin hamayyarsa. Da aka zo Melbourne sai ya sauya salo. Ya zabura kamar mai gudun mita 400, Pirie ya bi shi. Ya sassauta, Pirie ya sassauta. Ya sake zabura. Haka ya yi ta yi masa, zagaye bayan zagaye. Duk zaburar da aka yi, jiki na cin bashin numfashi, kuma kafin ya biya an sake ɗora masa wani. Saura 'yan zagaye kaɗan Kuts ya rage gudu ƙwarai har ya tilasta wa Pirie shiga gaba, ya ƙare masa kallo, ya ga babu abin da ya rage a jikinsa, sannan ya wuce abinsa. Pirie da yake na biyu kusan duk tsawon tseren, na takwas ya ƙare. Tun daga ranar aka san cewa sauya gudu makami ne, amma fa sai wanda ya horar da jikinsa a kai yake iya amfani da shi, domin mai zaburar ma yana shan irin azabar da yake ɗora wa wani.

A ɗaya ɓangaren kuma akwai Ron Clarke na Ostareliya, abin tausayin wannan fage. Ya karya tarihin duniya fiye da sau goma sha biyar. A Oslo a 1965 ya yi minti 27 da daƙiƙa 39.4, shi ne na farko da ya sauka ƙasa da minti 28. Amma bai taɓa cin zinaren Olamfik ba. A Tokyo a 1964 ya ja tseren, a zagayen ƙarshe Billy Mills na Amurka da Mohammed Gammoudi na Tunisiya suka wuce shi, ya tashi da tagulla. Gwanin agogo daban, gwanin gasa daban.

MEZIKO 1968: RANAR DA TUDU YA YI MAGANA

Abebe Bikila na Habasha ya riga ya buɗe wa Afirka ƙofa da ya ci gudun fanfalaki ba takalmi a Roma a 1960. Amma a cikin fili, sai a 1968 aka san an shigo sabon zamani. Birnin Meziko yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 2,240 daga teku. A irin wannan wuri iskar da mutum ke shaƙa ba ta ƙosar da jini kamar ta bakin teku. Wanda aka haifa a tudu, ko ya daɗe yana atisaye a can, jikinsa ya saba, jininsa ya ƙara yawan ƙwayoyin da ke ɗaukar iska zuwa tsoka. Addis Ababa ma ta fi Meziko tsayi, haka yawancin garuruwan da 'yan tseren Kenya suke fitowa suna kan tuddai.

A mita 10,000 aka tafi a hankali saboda kowa na tsoron iskar. Da aka zo zagayen ƙarshe Mamo Wolde na Habasha ya zabura, Naftali Temu na Kenya ya bi shi ya wuce shi dab da layi. Gammoudi ya zo na uku. Afirka ta kwashe lambobin uku duka, kuma wannan ce zinare ta farko da Kenya ta taɓa samu a Olamfik. Lokacin Temu minti 29 da daƙiƙa 27 ne, kusan minti biyu a bayan tarihin Clarke. Shi kuwa Clarke na shida ya zo, ya yanke jiki ya faɗi a bakin layi, sai da likita ya sa masa iskar taimakon numfashi.

Wasu jaridun Turai sun ce tudu ne ya ci gasar, ba mutanen ba. Shekarun da suka biyo baya sun ba su amsa, domin ko da aka sauko bakin teku 'yan gabashin Afirka ba su daina cin lambobi ba. Abin da ya faru ma shi ne Turawan ne suka koma hawa tudu don yin atisaye. A Meziko ɗin ne kuma aka ga wata dabara da za ta zama tambarin Kenya: a mita 1,500 Ben Jipcho ya ja tseren da mugun gudu tun farko, ya sadaukar da kansa, don a gajiyar da Jim Ryun na Amurka mai ƙafar ƙarshe, Kipchoge Keino ya ci zinare. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

VIREN, YIFTER DA SIYASA

Finland ta sake ɗagowa da Lasse Viren, ɗan sanda. A Munich a 1972 ya yi tuntuɓe ya faɗi wajen tsakiyar tseren mita 10,000, ya tashi ya kamo su, ya ci zinare har da sabon tarihin duniya. Dabararsa ita ce kada a jira ƙararrawa. Tun saura zagaye ɗaya da rabi ko fiye yake fara matsa gudu, yana ƙarawa kaɗan-kaɗan, ya manne da layin ciki, duk mai son wuce shi sai ya zagaya ta waje ya ƙara wa kansa tafiya.

Wanda ya zo na uku a ranar wani ɗan gajeren Bahabashe ne mai sanƙo, Miruts Yifter. Dattawanmu da suke Legas a 1973 wataƙila wasunsu sun gan shi da idonsu, domin a gasar wasannin Afirka karo na biyu da aka yi a babban filin wasa na Surulere shi ya ci mita 10,000, Ben Jipcho ya ci mita 5,000, wani matashi ɗan Tanzaniya mai suna Filbert Bayi kuma ya kayar da Keino a mita 1,500.

Daga nan siyasa ta shigo. A 1976 ƙasashen Afirka fiye da ashirin, har da Najeriya, suka ƙaurace wa Olamfik ta Montreal, saboda an ƙi korar New Zealand wadda 'yan wasanta na zari-ruga suka je wasa Afirka ta Kudu ta mulkin wariyar launin fata. Viren ya sake cin mita 5,000 da 10,000 babu Habasha babu Kenya. A 1980 kuma Kenya ta bi sahun Amurka ta ƙi zuwa Mosko. Wanda abin ya fi shafa shi ne Henry Rono na Kenya, mutumin da ya karya tarihin duniya huɗu cikin kwana 81 a 1978, amma bai taɓa taka filin Olamfik a matsayin ɗan gasa ba. Matsayar 1976 matsaya ce ta mutunci, amma ya kamata mu riƙa tunawa cewa akwai waɗanda suka biya kuɗinta da ƙuruciyarsu.

Yifter ya samu tasa ranar a Mosko, a lokacin da ake ta gardama kan shekarunsa, shi kuma ya ƙi faɗa. Makaminsa ɗaya ne kuma kowa ya san shi: saura mita 300 zai sauya gudu farat ɗaya. A mita 10,000 'yan Habasha uku suka yi ta karɓa-karɓa a gaba suna sauya sauri don su gajiyar da 'yan Finland, lokaci na yi Yifter ya tafi. A mita 5,000 kuwa ya shiga tarko, an rufe shi a layin ciki a zagayen ƙarshe babu ta inda zai fita, sai ɗan ƙasarsu Mohammed Kedir ya kauce ya buɗe masa hanya. Ya ci zinare biyu. A wani ƙauye kusa da garin Asella, wani yaro ɗan shekara bakwai yana sauraren labarin a rediyo. Sunansa Haile Gebrselassie.

DABARA KO MAGUƊI?

Kafin mu zo kan Haile, akwai abin da ya faru a Barcelona a 1992 da ya nuna inda haɗin kai yake iya zama rigima. Saura zagaye uku, Richard Chelimo na Kenya da Khalid Skah na Maroko ne kaɗai a gaba. Sai suka cimma wani ɗan Marokon, Hammou Boutayeb, wanda suka riga suka ba shi ratar zagaye guda. Maimakon ya kauce sai ya shiga tsakaninsu, yana shiga gaba yana rage gudu. Skah ya ci, 'yan kallo suka yi ta ihu, alƙalai suka soke nasararsa, washegari aka ɗaukaka ƙara aka mayar masa. Ranar ba da lamba ihu aka yi masa, Chelimo aka tafa wa. Har yau ba a gama wannan musu ba tsakanin masoya wasan.

Wani nau'in maguɗin kuma a cikin jini yake. Martti Vainio na Finland ya zo na biyu a mita 10,000 a Los Angeles a 1984, aka gano ya yi amfani da haramtaccen magani aka ƙwace lambar. A shekarun baya-bayan nan ma an dakatar da 'yan tseren Kenya da dama kan irin wannan laifi. Duk inda kuɗi da suna suka taru, sai an samu mai neman gajeriyar hanya.

HAILE DA TERGAT

Yanzu mun zo kan karawar da ta sa muka ɗauko wannan tarihi.

An haifi Haile a 1973 a yankin Arsi. Ya sha ba da labarin yadda yake gudun kimanin kilomita goma zuwa makaranta kullum, ya kuma dawo, har hannunsa na hagu ya saba da lanƙwasar riƙon littattafai. Gajere ne, yana gudu a kan yatsun ƙafa kamar ƙasa na ƙona shi, kuma ya haɗa abu biyun da ba a cika samu a jikin mutum ɗaya ba: dogon numfashi da ƙafar ƙarshe. Ya ci gasar duniya ta mita 10,000 sau huɗu a jere, 1993 da 1995 da 1997 da 1999. Ta farkon ma da ƙura ta zo, domin ya taka wa Moses Tanui na Kenya dunduniyar takalmi dab da zagayen ƙarshe, Tanui ya yar da takalmin cikin fushi ya ƙarasa da ƙafa ɗaya a sanye, Haile ya wuce shi a miƙen ƙarshe.

Paul Tergat kuwa an haife shi a 1969 a yankin Baringo na Kenya, cikin gidan da abinci ke wuya, har ya sha faɗa cewa abincin da ake rabawa a makaranta ne ya riƙe shi a aji. Dogo ne, sojan sama, mai natsuwa. A gudun daji, inda ake ratsa ciyawa da taɓo da hawa da gangara, ya ci gasar duniya sau biyar a jere daga 1995 zuwa 1999. A 1997 a Brussels ya ƙwace tarihin duniya na mita 10,000 daga hannun Haile da minti 26 da daƙiƙa 27.85, shekara na zagayowa Haile ya karɓe abinsa a Hengelo da 26 da 22.75. Wato ta fuskar ƙarfi kusan kunnen doki suke. Bambancin yana mita 200 na ƙarshe.

A Atlanta a 1996 Kenya ta gwada tsohuwar amsa. Aka yi rabin farko a hankali, sannan 'yan Kenya suka ƙara wuta, saura zagaye biyar Tergat ya ɓalle da gudun da ba a saba gani ba a wannan matakin. Kowa ya zube, ban da mutum ɗaya. An yi rabin tseren na biyu cikin kimanin minti 13 da daƙiƙa 12, lokacin da a shekaru da yawa ya isa a ci zinaren mita 5,000 shi kaɗai. Haile ya manne har ƙararrawa, ya wuce, ya gama a 27:07.34. Filin yana da tauri ƙwarai don an yi shi ne saboda masu gajeren zango, ƙafafun Haile suka yi bororo har ya fasa shiga mita 5,000. Amma zinaren na Habasha ne. A 1997 Tergat na biyu, a 1999 ma na biyu.

Sai Sydney, ranar 25 ga Satumban 2000. Haile ya zo da ciwon agara, bai samu cikakken atisaye ba. Tergat yana da shekara 31, ya san wannan ce damarsa ta ƙarshe a fili. Ya gwada doguwar zabura ba ta yi ba, don haka ya shirya abin da babu wanda ya zata: zai kari Haile da makamin Haile. 'Yan ƙasarsa Patrick Ivuti da John Korir suka riƙa jan tseren, shi yana baya yana jira. Aka kaɗa ƙararrawa mutum biyar suna dunƙule, uku na Kenya biyu na Habasha, Tergat a rufe a ciki. Saura kimanin mita 250 ya fito ta waje ya saki duk abin da yake da shi. Ya ba da rata. Haile ya bi shi a lanƙwasar ƙarshe, suka shigo miƙe, dogo a ciki gajere a waje. Taku bayan taku ratar na raguwa, Tergat bai karaya ba, bai rage gudu ba. Sai a 'yan takun ƙarshe Haile ya turo ƙirji.

Haile 27:18.20. Tergat 27:18.29. Bayan kilomita goma, abin da ya raba su bai kai kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba. A wannan Olamfik ɗin, ratar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu a tseren mita 100 na maza ta fi wannan faɗi. Assefa Mezgebu na Habasha ya zo na uku.

Tergat bai yi kuskure ko ɗaya ba a ranar. Ya sauya dabara, ya zaɓi lokacinsa daidai, ya yi gudun da ya fi kowane gudu a rayuwarsa, kuma bai isa ba. Gaba da gabanta. Abin da ya fi burge mu shi ne abin da ya biyo baya. Bai zargi kowa ba, ya koma gudun fanfalaki, ya kafa tarihin duniya a Berlin a 2003 da awa 2 da minti 4 da daƙiƙa 55. Bayan shekara huɗu, a wannan birnin dai, wa ya karya shi? Haile. Duk da haka mutanen nan biyu aminan juna ne, kowannensu yana faɗa a bainar jama'a cewa ɗan uwansa ne ya sa ya kai inda ya kai.

BAYANSU

Karen bana shi ke maganin zomon bana. A Paris a 2003 Kenenisa Bekele, ɗan garin Bekoji da ke Arsi ɗin dai, ya wuce Haile a zagayen ƙarshe, Habasha ta kwashe lambobin uku, kuma sun yi rabin tseren na biyu ƙasa da minti 13. A Athens a 2004 Bekele da Sileshi Sihine sun ɗan sassauta suna waiwayen Haile da ciwo ya hana shi sakat, da suka ga ba zai iya ba suka tafi, ya ƙare na biyar.

Daga 2012 zuwa 2017 Mo Farah, haifaffen Somaliya mai wakiltar Birtaniya, ya riƙe mita 10,000 a duk manyan gasa. Salonsa ya yi kama da na Viren: ya karɓi gaba saura zagaye ɗaya ko biyu, ya tsare layin ciki, ya hana kowa wucewa. A Rio a 2016 shi ma ya faɗi ya tashi ya ci. A Paris a 2024 'yan Habasha uku suka yi karɓa-karɓa da gudu mai zafi tun farko, har mutum goma sha uku suka gama ƙasa da tsohon tarihin Olamfik. Amma Cheptegei da ya kwanta a baya yana kallonsu shi ya ci, da 26:43.14. Sun yi noma, wani ya girbe. Abin mamaki kuma, duk yawan gwanayen Kenya, tun zinaren Temu na 1968 babu namijin Kenya da ya sake cin wannan tsere a Olamfik.

Mata ba a ba su damar mita 10,000 a Olamfik ba sai 1988. A 1992 Derartu Tulu, ita ma 'yar Bekoji, ta bi bayan Elana Meyer, farar fata 'yar Afirka ta Kudu, har zagayen ƙarshe sannan ta wuce, ta zama baƙar fatar Afirka mace ta farko da ta ci zinaren Olamfik. Suka riƙe hannu suka zagaya fili tare, a shekarar da aka dawo da Afirka ta Kudu gasar. A Sydney Paula Radcliffe ta Birtaniya ta ja tseren kusan duka, aka wuce ta a ƙarshe ta tashi ba lamba, Derartu ta sake ci. A Rio kuwa Almaz Ayana ta nuna cewa mai jan gaba ma yana iya ci in ƙarfinsa ya isa: ta ɓalle tun tsakiyar tsere ta karya tarihin duniya da 29:17.45. A 2024 Beatrice Chebet ta Kenya ta yi 28:54.14, mace ta farko ƙasa da minti 29, kusan daidai da lokacin da Zatopek ya girgiza duniya da shi shekara saba'in kafin nan.

INA MUKE?

Mu a Najeriya an san mu da gajeren zango da tsalle. Amma duk shekara ana gudun fanfalaki a Legas, ana tseren Okpekpe a jihar Edo, kuma baƙi daga Kenya da Habasha ne suke tafiya da manyan kyaututtukan. Muna da tsaunukan Filato da na Mambila, kuma yawancin 'yan dogon zangonmu na gida daga Filato suke fitowa. Gaskiya ne tudunmu bai kai na Iten ko Bekoji ba, amma tarihin da muka bi ya nuna tudu kaɗai ba ya yin gwani. A Bekoji wani malamin motsa jiki, Sentayehu Eshetu, ya shafe shekaru yana tara yara da asuba. A Iten makarantar sakandare ce ta St. Patrick's ta zama matattara. A ƙasashen biyu soja da 'yan sanda suna ɗaukar 'yan tsere aiki, su ba su albashi da lokacin atisaye. Yaro kuma yana tasowa yana ganin maƙwabcinsa ya gina gida da gudu.

A unguwanninmu akwai yaran da suke yini suna tafiya a ƙasa, masu tura baro, masu talla, masu bin shanu. Ba mu san abin da ke ƙirjinsu ba domin ba wanda ya taɓa riƙe musu agogo. Idan makarantar da 'ya'yanmu suke zuwa ta shirya wasannin shekara, mu je mu kalla, mu tambayi malamai ko akwai tseren dogon zango, in babu mu nemi a sa. In yaro ya nuna yana da numfashi, kada mu ce masa wahalar banza yake yi.

Ranar da kuka sake cin karo da tseren mita 10,000, ku daure ku zauna. Ku lura da wanda ke jan gaba da wanda ya laɓe a na huɗu ko na biyar bai ce komai ba. Ku ƙirga 'yan ƙasa ɗaya nawa ne suke karɓa-karɓa. Saura zagaye biyar ku duba fuskoki, saura biyu ku duba wanda ya kama layin ciki. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Allah ya ƙara mana lafiya da zumunci. Sai mun haɗu a fili na gaba.